Yadda ake gano abin da ke watsa harbi a ƙaramar bindigar gasa

Idan makin maharbi ya fara sauka, abin da hannunsa ke fara kaiwa gare shi shi ne sukurun saiti. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, gobe ya canza harsashi, jibi ya taɓa kunama, kafin mako ya zagayo ya canza abubuwa biyar kuma bai san wanne ne ya gyara wanne ne ya ɓata ba. Abubuwa uku ne ke iya watsa harbi: bindiga, harsashi, da mai riƙe da bindigar. Aikin duka shi ne a raba su, a gwada kowanne shi kaɗai, kuma kada a canza abu biyu a zama ɗaya.

Bayanin nan ya fi karkata ga ƙaramar bindigar iska ta gasar mita 10, wadda hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta tsara dokokinta: faɗin bututu milimita 4.5, nauyin bindiga kada ya wuce giram 1,500, nauyin kunama kada ya gaza giram 500, a tsaye ake harbi da hannu ɗaya, ba madubin hange. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake mallaka, don haka duk gwajin da za a ambata a filin harbi da aka amince da shi ake yin sa, ƙarƙashin koci ko jami'in fili. Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, buɗe wurin sa harsashi, ka zura igiyar tsaro ta cikin bututu har ta fito ta baki, bakin bindiga kuma yana kallon wajen allon bara.

Fara da karanta takarda

Ɗauki sababbin takardun bara uku. Harba goma a kowace, ba tare da ka leƙa bayan kowane harbi ba, ba kuma tare da ka taɓa saiti ba. Rubuta kwanan wata, lokaci, irin harsashi, da abin da agogon matsi na tukunyar iskar bindigar ya nuna kafin ka fara da bayan ka gama. Sannan ka jera su ka yi tambaya biyu daban-daban: yaya girman gungun ramukan harbin yake, kuma ina tsakiyarsa ta faɗa?

Wannan rabewar ita ce tushen komai. Gungu matsattse da ya faɗa gefe matsalar saiti ce, minti biyu ta ishe ta. Gungu warwatse kuwa saiti ba ya gyara shi, sai dai ya ɗauke watsewar ya kai ta wani gefen takarda. Ka riƙe ma'aunin takardar a ka: zoben 10 faɗinsa milimita 11.5, na 9 milimita 27.5, na 8 milimita 43.5, baƙin gaba ɗaya, wato daga zoben 7 zuwa ciki, milimita 59.5. Wanda gungunsa ya cika baƙin ba shi da hurumin murɗa saiti saboda harbi ɗaya ko biyu.

Siffar gungun ma tana da labari. Wanda ya miƙe sama da ƙasa yana sa a zargi iskar tukunya, ko wuyan hannu, ko ido da ke barin saitin gaba, wato ɗan ƙarfen auna bara da ke kusa da bakin bututu. Wanda ya miƙe hagu da dama yana sa a zargi yatsan kunama ko tsayuwa. Gungu mai kyau da harbi ɗaya ko biyu suka fice can nesa yana nuna ko dai harsashi mai lahani ko fizgar kunama. Gungu biyu a takarda ɗaya, kowanne matsattse, galibi riƙo ne ya canza a tsakani, ko wani sukuru yana motsi.

Cire kanka daga lissafi

Zauna a kujera, ka ɗora buhun yashi a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, ka dafa hannuwanka biyu da gindin mariƙin a kai, ka harba goma a natse. Idan filin yana da bayis, wato ƙarfen da ke damƙe abu, da aka yi domin gwajin bindiga, ya fi; a bi yadda littafin kamfanin ya ce a kama ta, kada a matse bututu kai tsaye da haƙoran ƙarfe. Bindigar gasa lafiyayya, irin su Steyr, Morini, Walther, Feinwerkbau ko Pardini, idan an kama ta a bayis tana zuba harsashi goma a rami ɗaya da bai kai faɗin zoben 10 ba. A kan buhu gungun zai ɗan buɗe, amma bai kamata ya fita daga zoben 9 ba.

Hanya ta biyu mai sauƙi ita ce musaya. Ba maharbin da ya fi ka bindigarka, kai kuma ka karɓi tasa. Idan watsewar ta bi bindiga, ci gaba da sashen da ke tafe. Idan ta bi ka, tsallake zuwa maganar kunama da ido, domin can ne mafi yawan matsalolin suke.

Sukurai, bakin bututu, da datti

Da mabuɗan da suka zo a akwatin bindigar, bi sukurai ɗaya bayan ɗaya: na mariƙi, na tudun tafin hannu, na saitin gaba, na saitin baya, na ƙarafan ƙarin nauyi, da na abin rage tsalle da ke bakin bututu. Ana ɗaure su ne su zauna daram, ba a yin kokawa da su, saboda jikin yawancin waɗannan bindigogi alminiyam ne kuma zarensa yana cinyewa. Sukurun mariƙi shi ya fi yaudara a Kaduna. Katako yana shan danshi a damina ya kumbura, hunturu ya zo ya bushe ya tsuke, sai mariƙin da ke daram a watan Agusta ya koma yana rawa a Janairu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kama bututu da hannu ɗaya, mariƙi da ɗayan, ka ɗan murza a hankali. Ko motsi kaɗan ka ji, ka samu mai laifi.

Sai ka haska bakin bututu da tocila. Leɓen da harsashi ke rabuwa da shi dole ya kasance zagaye sumul. Idan bindiga ta taɓa faɗuwa ta baki har leɓen ya lotse, iska za ta riƙa fita ta gefe ɗaya kafin ɗayan, ta ture harsashin. Wannan ba aikin maƙeri ko mai walda ba ne, komai gwanintarsa. Na mai gyaran bindigogin gasa ne ko wakilin kamfani. Duba kuma cikin abin rage tsalle. Idan ka ga gogen dalma a gefe ɗaya na raminsa, harsashi yana shafar sa wajen fita, ko dai ya karkace ko datti ya taru.

Bututun bindigar iska ba ya son yawan wanki, tunda ba hayaƙin albarushi a ciki. Amma ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Harba harsashin auduga na goge bututu biyu ko uku, ko ka ja ɗan ƙyalle busasshe da igiya mai laushi daga baya zuwa baki. Ban da burushin ƙarfe, ban da sandar ƙarfe ta baki. Bayan gogewa ka harba goma zuwa ashirin kafin ka yanke hukunci, domin bututun da aka goge sabo yana ɗan canza wurin saukar harsashi har sai dalma ta sake shafe cikinsa.

Iska

Yawancin bindigogin yanzu da tukunyar matsattsiyar iska suke aiki, ana cika ta zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wasu ƙalilan bar 300. Adadin yana rubuce a jikin tukunyar. Cikin bindigar akwai regileta da ke rage wannan matsi ya ba kowane harbi iska daidai da na baya. Muddin matsin tukunya yana sama da na regileta, gudun harsashi ba ya canzawa. Da ya faɗi ƙasa, harbi zai fara gangarowa ƙasa sannu a hankali. Saboda haka idan harbinka na sauka ƙasa ne a ƙarshen zama kawai, dubi agogo kafin ka zargi gajiya. Gasa harbi 60 ce, ga na gwaji a cikin minti 15 na shiri, don haka a shiga da cikakkiyar tukunya.

Gwajin yoyo iri biyu ne. Na farko, cika tukunya da yamma, bar ta ta huce, rubuta abin da agogo ya nuna, ka sake dubawa da safe. Ɗan sauka bayan cikawa da famfo ba komai ba ne, iska ce ta yi zafi ta huce. Sauka mai ci gaba kwana bayan kwana yoyo ne. Na biyu, ɗora ɗan yankin tishu a kan wurin sa harsashi bayan ka rufe, ka harba wajen bara. Idan tishun ya tashi, zoben robar da ke rufe bayan bututu ya mutu ko ya tsage. Bushewar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna gajarta ran waɗannan robobi, don haka a ajiye na canji a akwati. Ana shafa musu ɗan man silikon kaɗan, kamar yadda littafin ya nuna. Man inji, man keken ɗinki ko duk wani mai da aka samo daga fetur ba ya kusantar hanyar iska, domin a irin wannan matsi yana iya kamawa da wuta.

Idan akwai na'urar auna gudun harsashi, harba goma ta cikinta. Irin waɗannan bindigogi suna fitar da harsashi a gudun mita 150 zuwa 165 a daƙiƙa. Bambancin mita biyu ko uku tsakanin harbi da harbi ba abin damuwa ba ne: a tazarar mita 10, sai gudu ya ragu da kusan mita 10 a daƙiƙa kafin harsashi ya sauka ƙasa da kimanin milimita 3. Abin da ake nema shi ne tsalle mai girma, ko harbin farko bayan bindiga ta daɗe a ajiye ya sha bamban da sauran. Wannan alamar regileta ce, kuma ba a buɗe ta a gida.

Maganar cikawa tana buƙatar a tsaya a kai. Injin mai faci ba ya kaiwa ko kusa da bar 200, kuma iskarsa tana ɗauke da ruwa da mai. Tukunyar iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti kuwa haɗari ce mai kisa, kada a kusance ta ko da wasa. Abin da ya dace shi ne famfon hannu na matsi mai ƙarfi mai matatar danshi, ko babbar tukunyar busasshiyar iska. A damina a riƙa canza abin tsotse danshin famfon a kan kari, a kuma yi famfo da hutu don kada ya yi zafi, saboda ruwan da ya shiga tukunya yana cin ta daga ciki yana kuma lalata regileta. Tukunya tana da wa'adi, galibi shekara 10 daga ranar da aka buga a jikinta, kuma ana duba wannan a gasa. Kada a bar ta cike cikin mota a rana.

Wanda ke amfani da tsohuwar bindiga mai iskar CO2 yana da ƙarin abin lura: matsin wannan iska yana bin zafin wuri, kuma da zafi ya haura digiri 31 halinta yana canzawa gaba ɗaya. A bazarar Kaduna hakan na nufin wurin saukar harbi da safe daban, da azahar daban. A ajiye ta a inuwa, a auna cikawa da sikeli.

Harsashi

Harsashin gasa mai shafaffen kai ne, domin ya yanke takarda da'ira tsaf. Nauyinsa yana tsakanin giram 0.45 da 0.53, kuma ana sayar da shi da faɗin kai daban-daban: 4.48, 4.49, 4.50, 4.51. RWS, H&N da JSB suna cikin sanannun masu yin sa. Ba wani faɗi da ya fi wani a ko'ina, kowane bututu da abin da yake so, har ma gwangwani biyu masu lamba ɗaya daga zubi daban suna iya bambanta. Gwada iri uku ko huɗu a kan buhu, goma-goma, sau biyu kowanne, ka auna gungun da rula daga gefe zuwa gefe. Wanda ya yi nasara, rubuta lambar zubinsa da ke jikin gwangwanin, ka saya da yawa idan hali ya yi.

Zuba ashirin a kan farin ƙyalle ka dube su da kyau. Siket ɗin harsashi, wato buɗaɗɗen gindinsa, siriri ne ƙwarai. Gwangwanin da ya sha jijjiga a cikin jaka a bayan babur, ko ya faɗi a siminti, zai fito da masu lanƙwasasshen siket, kuma kowane ɗaya daga cikinsu harbi ne da zai fice daga gungu. Wanda ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka ya sha iska da danshi, a bar shi don atisaye. Sa ɗan soso a saman harsashin cikin gwangwani don kada su yi ta karo, ka naɗe murfin da salatif. Dalma guba ce, a wanke hannu da sabulu kafin a ci wani abu.

Kunama

Riƙe bindiga bakinta sama, ba harsashi, ka rataya nauyin gwaji na giram 500 a tsakiyar kunama, ka ɗaga a hankali. Dole ta ɗauki nauyin ba ta tashi ba. Idan ba ka da nauyin gwaji, robar ruwa da aka auna a sikelin dijital tana ba da kimanin abin da ake nema, amma kafin gasa a gwada da na ainihi. Masu hankali suna barin ta a giram 520 zuwa 540, saboda zafi da sanyi suna motsa ta kaɗan, kuma wanda kunamarsa ta gaza a binciken bayan gasa ya rasa makinsa.

Kunamar gasa hawa biyu ce. Hawan farko yana ɗauke mafi yawan nauyin, sai a ji an taɓa bango, sannan ɗan ƙarin matsi ya tayar da harbi. Idan hawa na biyu ya yi nauyi da yawa, maharbi zai riƙa fizga. Idan ya yi sauƙi da yawa, zai riƙa jin tsoronta yana ɗage yatsa, har lokaci ya ƙure masa. Idan ka ji tana jan ƙafa kafin ta tashi, ko yau ta tashi nan gobe can, matsalar a cikin inji take. Sukurun haɗuwar ƙarafan ciki ba na wasa ba ne, a bar wa masani. Mai kunamar lantarki, irin ta Morini, ya fara da canza batir.

Wurin zaman kunamar ya fi nauyinta muhimmanci. Tsokar gaɓar farko ta yatsa ta zauna a kanta, ta ja ta kai tsaye zuwa baya, sauran yatsan kuma kada ya shafi katakon mariƙi. Idan kunamar ta yi nisa, yatsa zai tura ta gefe. Ga na-dama harbi zai tafi hagu. Sassauta sukurunta ka matso da ita baya milimita ɗaya ko biyu.

Gwajin da ke tona asiri shi ne harbin wofi. Sa bindiga a yanayin atisaye, wanda kunama ke tashi ba tare da iska ta fita ba, ka tsaya gaban farin bango ba wata alama a jikinsa, ka zuba wa saitin gaba ido, ka matsa. Idan ya yi tsalle, ko ya nutse, ko ya kauce lokacin da kunama ta yi ƙas, abin da ke faruwa a kowane harbinka ke nan, ƙara da motsin iska ne kawai suke ɓoye shi. Ga na-dama, nutsewa ƙasa ta hagu fizga ce tare da matse sauran yatsu. Tashi sama turawa ce da gindin tafin hannu. Kaucewa dama galibi babban yatsa ne ke danna katako. Ga bahago a juya. Waɗannan alamu ne na inda za a fara dubawa, koci da ke tsaye a gefenka yana kallon hannunka shi zai tabbatar. Minti goma sha biyar na harbin wofi kullum ya fi gwangwani guda da aka harba cikin gaggawa.

Ido da saiti

Ga lissafin da ya kamata kowane maharbi ya yi da kansa sau ɗaya. Tazarar saitin baya da na gaba kusan milimita 350 ce, tazarar bara kuma milimita 10,000. Duk kuskuren da aka yi wajen daidaita saitin biyu yana ninkuwa kusan sau 28 kafin ya isa takarda. Kaucewar kashi biyu cikin goma na milimita ta isa ta kai harsashi bakin zoben 10, milimita ɗaya cak kuma ta kai shi zoben 7. Amma idan saitin biyu suna daidai da juna, hannu gaba ɗaya ya yi lilo na milimita biyar, harsashi milimita biyar kawai zai kauce. Shi ya sa ido yake zama a kan saitin gaba, baƙin bara ya zama dishi-dishi, ana ajiye saiti a farin da ke ƙasan baƙin, ana kuma barin hannu ya yi ɗan lilonsa. Mai jiran lilo ya tsaya cak sannan ya cafke kunama shi ne ke samun 7 da 6.

Harbi ya tashi cikin daƙiƙa biyar zuwa takwas bayan hannu ya zauna. Da ya wuce goma, ido ya gaji, numfashi ya ƙare. Cire yatsa, sauke bindiga, sake farawa. Minti 75 ake bayarwa domin harbi 60 a allon bara na lantarki, lokaci yana nan. Bayan harbi ka riƙe saiti daƙiƙa biyu, ka faɗa wa kanka inda ya sauka kafin ka duba. Idan faɗarka tana dacewa da takarda, bindiga lafiya take, hannu za a gyara. Idan kana ganin 10 takarda tana nuna 7, ko idonka ba ya kan saitin gaba, ko ka koma gwajin buhu.

Wanda ya haura shekara arba'in yakan ga saitin gaba ya daina fitowa sarai. Auna tazarar idonka zuwa saitin gaba a tsayuwar harbi, ka kai wa likitan ido, misali a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, ka ce gilashin da zai fito da abu a wannan tazarar kake so. Ɗayan idon kada a runtse shi, a rufe shi da ɗan farin roba da faɗinsa bai wuce milimita 30 ba. Haske kuma ya zama iri ɗaya. Idan an ɗauke wuta an koma janareta, ko rana ta shigo ta taga ta gefe ɗaya, gungu yana iya matsawa. Rubuta wannan a littafinka kafin ka zargi bindiga.

Riƙo da tsayuwa

Hannu ba ya zama girma ɗaya. Da zafi yana kumbura, da sanyin safiyar hunturu yana tsukewa, shi ya sa aka yi tudun tafin hannu mai hawa da sauka. Ya matse hannu ba tare da ya hana jini gudu ba. Man da ake shafawa saboda kaushi yana sa katako santsi, a wanke tafin hannu kafin a fara. Ka sa bindiga a hannu da ɗayan hannun, iri ɗaya kowane lokaci, ƙarfin riƙo kuma kada ya canza daga ɗagawa har saukewa. Ɗaga ta da ido rufe, ka buɗe. Idan saitin gaba ba ya tsakiyar tsagar na baya, kusurwar mariƙi za a gyara, kada a tilasta wa wuyan hannu. Idan saitin biyu suna daidai amma suna kallon gefen bara, matsar da ƙafar baya. Goro, kofi da shayi mai kauri kafin harbi suna ƙara rawar hannu.

Sai yanzu a taɓa saiti

Bayan gungu ya matse, ja layi tsaye da ya raba harbin biyar hagu biyar dama, da layi kwance da ya raba su biyar sama biyar ƙasa. Mahaɗarsu ita ce tsakiyar gungu. Auna nisanta daga tsakiyar bara, ka raba da abin da ƙas ɗaya na sukurun saiti ke matsarwa. Littafin bindigarka zai faɗa, ko ka murɗa goma ka harba ka auna da kanka. Saitin baya yana tafiya ne inda kake so harbi ya koma. A lura da bindigogin Jamus da Ostiriya: haruffan H, T, L da R da ke jikin sukuransu galibi suna nufin inda harbi ya faɗa ne, H idan ya yi sama, T idan ya yi ƙasa, L hagu, R dama, don haka wanda harbinsa ya faɗa hagu wajen L zai murɗa. Murɗa adadin da lissafi ya ba ka gaba ɗaya, rubuta shi, ka harba sabon goma a sabuwar takarda. Idan gungun bai motsa ba ko kaɗan bayan ƙas goma, sifirin ɗin da ke cikin saitin baya ya maƙale da ƙura ko ya gaji. A busa shi da iska, a murɗa sukurun zuwa ƙarshe a dawo da shi adadin da aka ƙirga, a sake gwadawa.